Dodon da Ya Ƙi Ɗaukar Betka

Orava, 8 ga Nuwamba, 1997

Zuwa ga Kawu Vendel,

Ka gafarce ni da na yi karambanin rubuto maka, alhali ba ka san ni ba sai dai da suna. Ni ce Dorka, 'yar Hanka, jikar Kaka Rozalia ƙanwar mahaifinka. Mama ta ce rabonka da ni tun ina rarrafe. Yanzu shekarata goma sha shida, ina aji biyu a babbar sakandare ta cikin gari.

Ina fata kana lafiya, kuma aikin fasa dutsen bai yi maka nauyi ba. Mama tana gaishe ka, ta ce yaya gwiwar? Mu duk lafiya, sai Kaka da hawan jininta. Dusar ƙanƙara ta rufe kan tuddai amma ba ta sauko cikin ƙauye ba tukuna.

Ga abin da ya sa na dame ka. Bana an rasa masu zagayen Mikulash, waliyyin nan da ke bi gida-gida da mala'ika da dodo yana raba wa yara kyauta, domin samarin ƙauye duk sun tafi aikin gini a waje. Fada ya yi sanarwa a coci har sau biyu, ya ce idan ba a samu mutum uku ba, ranar biyar ga Disamba yara za su zauna bakin taga suna jiran ƙararrawa a banza. Baba Florian, tsohon mai raba wasiƙu, ya ce zai sake ɗaura farin gemu ya zama Mikulash. Renata ƙawata ta karɓi mala'ika, don tana da dogon gashi kuma ba ta gajiya da magana. Saura dodo. Har yanzu ban san abin da ya ɗaga hannuna ba. Sai wani daga baya ya ce, "Wannan ai ko kaza ba za ta kora ba." Aka yi dariya, amma Fada ya rubuta sunana don babu wani.

Gaskiyar magana, Kawu, ni ba na iya magana gaban mutane. A aji ma idan malama ta kira ni, amsar tana cikin kaina amma bakina ya ƙi buɗewa. Dodo kuwa ba a jiran magana daga gare shi, nasa gurnani ne da jan sarƙa. Na ga ko sau ɗaya zan iya shiga gidajen mutane in yi wani amfani ba tare da an dubi fuskata ba.

Kowa ya ce shekara goma sha biyu kai ne dodon ƙauyen nan, kuma fuskar itacen da ka sassaƙa da fatar tunkiya da ƙararrawar suna ɗakin saman gidanka. Gwaggo Pavla maƙwabciyarka ta ce ba za ta ba da mabuɗi ba sai ta ga rubutun hannunka. Ina roƙon aro. Zan kula da su, in mayar yadda na same su. Idan ba ka yarda ba, ba komai, zan shafa baƙin tukunya.

Taka da ladabi,
Dorka

Tirol, 16 ga Nuwamba

Dorka,

Wasiƙarki ta iso. Lafiyata ƙalau, gwiwa kuma tana nan da halinta, ita ke gaya mini za a yi sanyi kafin rediyo ya faɗa. Ki gaida Hanka, ki ce wa Gwaggo Rozalia ta rage gishiri, ko da yake na san ba za ta ji ba.

Mace dodo! Na karanta wa abokan aikina a kantin abinci, wani ya ƙware da miya. Amma ƙauyen da mazansa suka gudu suka bar shi, har da ni a ciki, ba shi da bakin magana. Ki nuna wa Pavla wannan layin: Pavla, ba ta mabuɗin, kuma ki daina leƙa mini akwatuna.

Ki saurara. Fuskar tana da nauyi, ki cusa tsumma a goshi ko ta cinye miki fata. Ƙahon hagu yana girgiza, kar ki riƙe ta nan. Ƙararrawa a ƙugu ake ɗaurawa, ta baya, don a ji ki kafin a gan ki. Ki sunkuya a kowace ƙofa. Kar ki sha abin da za a miƙo muku a gidaje, Florian zai sha na mutum uku. Kar ki cire fuskar gaban yaro ko da hanci na ƙaiƙayi. Buhun dodo yana cikin akwati, ki zuba gawayi da dankali na yara marasa ji.

Ni ba marubuci ba ne, yarinya. Awa goma sha biyu nake cikin rami, in na fito hannuna rawa yake. Kar ki sa ran dogayen wasiƙu.

Vendel

Orava, 23 ga Nuwamba

Kawu Vendel,

Na gode ƙwarai. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Kaka ta ce a gaya maka gishirinta ne, jininta ne. Sanyi ya sauko sosai, rafi ya fara daskarewa a gefe-gefe.

Na ɗauko kayan. Da na sa fuskar na dubi madubi, ni kaina na ja da baya. Na gwada gurnani a rumbun ciyawa, akuyarmu ta tsinke igiya. Ban taɓa jin ƙarfi irin wannan a jikina ba, kuma ina ɗan jin kunyar yadda abin ya yi mini daɗi.

Na san ka ce ba ka son dogon rubutu, amma wani abu ya faru, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Jiya iyaye suka zo ɗakin taro na coci da 'yan takardunsu, na abin kirki da na laifin da kowane yaro ya yi bana, don Baba Florian ya saka cikin babban littafin Mikulash. Ina gefe ina ɗinke igiyar ƙararrawa. Sai Imro Vojtas ya shigo, direban motar katako, na gidan ƙarshe kafin gada. Bai kawo takarda ba. Ya ce, "Florian, nawa ba sai an rubuta ba. 'Yata Betka ta shekara biyar, har yau fitsarin kwance. Uwarta ta lalata ta da lallashi. Ina so dodo ya sa ta cikin buhu, ya ɗaure, ya fita da ita har bakin titi. Sau ɗaya tak, ta warke."

Baba Florian ya sosa ƙeya ya ce, "Imro, ba ta yi ƙanƙanta ba?"

Ya ce, "'Yata ce ko taka?" Sannan ya juyo ya gan ni. "Wannan ce dodon? 'Yar Hanka da ba ta iya gaida mutum? Ke, za ki iya ɗaga buhu kuwa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Kin ji dai abin da na ce," ya fita.

Na tambayi Baba Florian, ya ce haka aka saba, iyaye ke faɗa mu kuma mu yi, in muka fara zaɓe babu mai sake buɗe mana ƙofa. Renata ta ce in yi kamar buhun ya yage. Mama ta ce kar in shiga tsakanin mutum da iyalinsa.

Na san Betka. Mu ke sayar musu da ƙwai. Tana tsayawa bayan ƙafar uwarta, in na yi mata murmushi sai ta dubi takalminta. Kawu, ni ma haka nake tsayawa.

Me ake yi? Kai ka taɓa sa yaro cikin buhun nan da gaske, ka ɗaure? Don Allah ka amsa ko da layi biyu ne. Saura kwana goma sha biyu.

Dorka

Orava, 2 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mu duk lafiya.

Kullum in na sauko daga motar makaranta sai na bi ta gidan waya. Matar wurin ta fara girgiza mini kai tun ban shiga ba. Na sake karanta wasiƙarka, inda ka ce kar in sa ran dogayen wasiƙu, na gane ashe cikin ladabi ka ce in ƙyale ka, ni kuma na ƙi ji. Ga shi har na tambaye ka ko ka taɓa ɗaure yaro, kamar ina tuhumarka, kai da ka ara mini kayanka. Ban yi nufin haka ba. Ka yafe mini.

Jiya Imro ya tsayar da motarsa kusa da ni a hanya, ya sauke gilashi ya ce, "Ranar Juma'a, ƙarfe shida. Surukaina za su zo kallo." Na ci gaba da tafiyata. Ba na iya cin abinci sosai. Zan yi abin da ya zo mini.

Dorka

Orava, 6 ga Disamba

Kawu Vendel,

Ina fata kana lafiya. Ko kana fushi da ni, kayanka ne suka yi aikin, ya kamata ka ji labarinsu. Goshina ya ɗan saɓule duk da tsumman, in ban da haka lafiyata ƙalau.

Mun fara da ƙarfe huɗu, da hasken rana ya fara dushewa. Gida arba'in da uku. Kawu, ban san haka abin yake ba. Yara suna jin ƙararrawa sai ka ga kawuna sun ɓace daga taga. Mu ɗauki kwandon kyautar da iyaye suka ɓoye a bakin ƙofa, Baba Florian ya buga sandarsa sau uku, mu shiga. Yaro ya karanta addu'arsa murya na rawa, ni in ja sarƙa, Renata ta kore ni da reshen itacen da ke hannunta, in faɗi ƙasa ina kuka. Da na gane faɗuwata ce ke ba su dariya, sai na riƙa faɗuwa da gaske. Wata yarinya a gidan maƙeri ta miƙo mini rabin lemonta ta ce dodo ma ya ci.

Muka iso gidan Imro. Ɗakin girki cike: shi, matarsa Zuza, surukinsa da ƙannen Zuza maza biyu, kwalba a kan tebur. Betka tana tsaye a tsakiya cikin farar riga. Baba Florian ya ce ta karanta addu'ar mala'ika mai tsaro. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya fara mata layin farko. Shiru. Sai na ga safarta ta jiƙe, ruwa yana bin tsagin katakon daɓe.

Imro ya ce, "Kun gani ko? Gaban baƙi ma. Dodo, ɗauke ta."

Baba Florian ya dubi rufi. Na buɗe bakin buhu na matsa kusa. Ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai runtse ido ta ɗaga hannuwanta sama, don in ji sauƙin ɗaukarta.

Sai na juye buhun, gawayi da dankali suka watsu, na shimfiɗa shi kan wurin da ya jiƙe na zauna a kai.

Imro ya ce, "Wane irin dodo ne wannan? Ke, tashi ki yi aikinki!"

Ban shirya ba, wallahi. Muryar ta fito daga cikin itacen da kauri, ba irin tawa ba. Na ce, "Ƙanana ba sa cika mini buhu. Manya nake ɗauka." Na miƙe na gwada buhun a jikinsa, daga kafaɗa zuwa gwiwa, kamar tela.

Ɗakin ya fashe da dariya. Surukinsa yana dukan tebur, ƙanin Zuza yana cewa, "Shiga mana, Imro, daidai kai aka ɗinka!" Har Zuza ta rufe baki da gefen rigarta. Renata ta yi maza ta kore ni, Baba Florian ya miƙa wa Betka ƙunshinta na gyaɗa da alewa. Ta buɗe ido ta dube ni. Imro bai yi dariya ba, kunnuwansa suka yi ja.

A waje Baba Florian ya ce, "Yarinya, kin jawo magana," bai ƙara ba. Ina jin kunyar kansa ce ta kama shi. Ni dai na yi barci kamar an sauke mini dutse. Karon farko ke nan da na yi magana gaban mutum takwas, kuma ta yi amfani.

Dorka

Tirol, 29 ga Nuwamba

Dorka,

Lafiya lau. Yau wasiƙarki ta zo hannuna. Ƙanƙara ta toshe hanyar sansaninmu, ban san ranar da motar wasiƙu za ta sauka ba. Allah ya sa wannan ta riga ranar.

Karanta sau biyu. Kar ki ɗaure yarinyar. Amma kar ki ƙi a gabansa. Abin da ake yi shi ne, ki ɗauke ta a hannu, ki rufa mata buhun a ƙafafu kawai, ki yi gurnani mai yawa, ki fita da ita zaure. Can ba mai gani, ki rage murya, ki saka mata alewa a hannu. Mala'ika ta biyo ki da gudu, ku yi kokawa, ta ƙwace ta ta mayar wa uwarta. Uban ya ga an yi abin da ya ce, yarinya ta ga an cece ta. Minti ɗaya ne. Ku gwada da Renata tun kafin ranar, da matashin kai.

Abu ɗaya kar ki yi, ko me ya faru: kar ki sa a yi wa mutumin dariya a cikin gidansa. Ke za ki wuce gida na gaba da ƙararrawarki. Baƙi za su tafi. Yarinyar ce za ta kwana da shi. Na san Imro, na san irinsa, wanda aka kunyata a ɗakin girkinsa sai ya nemi wanda zai sauke wa, kuma ba zai je neman ki ba.

Tambayarki ta biyu, ki bar ta tukuna.

Vendel

Orava, 11 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba zan iya cewa ina lafiya ba.

Wasiƙarka ta ranar ashirin da tara ta iso shekaranjiya. A tsaye na karanta ta a gidan waya, sai da matar ta kawo mini kujera. Yanzu wataƙila tawa ta iso gare ka, wadda nake ta yabon kaina a ciki. Don Allah ka ƙona ta.

Na tambayi malamar makarantar ƙananan yara, ta ce Betka ba ta zo ba tun Litinin. Kwana biyu ina zuwa har gada ina komawa. Yau na ɗauki ƙwai goma, na jira motar Imro ta fita, na buga ƙofa.

Zuza ta buɗe kaɗan. Ta ce, "Ba mu yi odar ƙwai ba." Na ce kyauta ne. Ta dube ni ta ce, "Shigo ki ga aikinki."

Betka tana kwance kusa da murhu, fuska ja, tana numfashi da ƙyar, ƙirjinta na ƙara. Zuza ta ce Imro bai dake ta ba. Da baƙi suka tafi ya karɓe ƙunshin ya ɗora kan kabad, ya ce sai gado ya bushe kwana bakwai a jere. Da safe gadon ya jiƙe. Ya ce tunda dodo ya ce ita ƙarama ce, shi zai nuna mata ta girma: daga yau ita za ta wanke zanen gadonta, a kwamin tsakar gida. Sai da ya fasa mata ƙanƙarar saman ruwan da gatari. Safiya uku ta yi. Ta huɗu ta kasa tashi. Likita ya zo jiya, ya ce ciwon haƙarƙari ne, in zazzaɓin bai sauka ba zuwa Asabar sai asibiti.

Zuza ta ce, "Da kin sa ta a buhun, da ta yi kukan dare ɗaya an wuce wurin. Ke kin samu tafi, ita ta samu wannan." Sannan ta fara kuka ta ce ita ma ai ta yi dariyar, ya gan ta.

Ta ce Imro ya ce da Betka ta warke za ta koma kwamin.

Kawu, na goge fuskar da mai, na gyara ƙahon, zan mayar wa Gwaggo Pavla gobe. Ban cancanta ba. Amma wannan ba zai hana Betka komawa kwamin ba. Ni na ɓata, ban san yadda ake gyarawa ba. In akwai abin da za a yi, ka faɗa mini, ko mene ne zan yi.

Dorka

Tirol, 16 ga Disamba

Ɗiyata Dorka,

Hanya ta buɗe, wasiƙunki uku suka zo tare. Lafiyata ƙalau. Ban yi fushi da ke ba ko na minti ɗaya, ke da saurin ɗora wa kai laifi kamar uwarki. Ban ƙona komai ba. Wurin tela ya ba ni dariya, sannan dariyar ta yanke.

Kin tambaye ni ko na taɓa ɗaure yaro da gaske. Sau ɗaya. Shekarata ta biyu a dodo, ina da ashirin da ɗaya, na sha a gida goma kafin mu isa. Tsoho Vojtas ya ce ɗansa na fitsarin kwance, a ɗauke shi. Na sa shi a buhu, na ɗaure, na saɓa a kafaɗa har kan gada. Na riƙe shi a saman ruwa ina lilo da shi, samari na tafi. Shekararsa shida. Da na kwance buhun bai yi kuka ba, bai yi magana ba har bayan Kirsimeti. Imro ke nan. Dabarar zaure da na koya miki, bayan wannan na ƙirƙiro ta. Shekara ashirin da shida bai taɓa gaishe ni ba, ni kuma ban taɓa tsayar da shi ba. Ki lura, ya ce miki bakin titi. Bai ce gada ba. A ganinsa sassauci ya yi.

Kin yi kuskure a dariyar. Ba ki yi kuskure a ƙin ba. Kar ki haɗa su.

Ga takarda a rufe, ta Imro ce. In na aika ta gidan waya zai ga sunana ya jefa a murhu. Sai an miƙa masa hannu da hannu, an tsaya. Ba na tilasta miki. In za ki je, ki je da rana, a waje, lokacin da babu surukai, kuma da fuskarki.

Ki bar kayan a wurinki.

Kawunki,
Vendel

Orava, 22 ga Disamba

Kawu Vendel,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwar ta bar ka ka huta a hutun nan. Mama da Kaka suna gaisuwa. Zazzaɓin Betka ya sauka, ba a kai ta asibiti ba. Tana tari har yanzu amma tana cin abinci.

Na je ranar Asabar da hantsi. Yana faskare a bayan gida. Na tsaya nesa da gatarin. Ya gan ni bai daina ba, sai da ya fasa guda uku sannan ya ce, "Kin zo ƙarasa awon ne? Ina buhun?"

Na shirya magana tun a gida, har na rubuta, amma duk ta gudu. Na ce, "Baban Betka, na sa an yi maka dariya a gidanka. Ban kyauta ba. Ka yi haƙuri."

Ya ce, "Au, ashe kina da baki ba tare da itace ba. To ƙin da kika yi fa?"

Na ce, "Wannan ko gobe ba zan ɗauke ta ba."

Na ɗauka zai kore ni. Ya kafa gatarin a kututture ya ce, "Me kuma?" Na miƙa masa takardar. Ya juya ta, ya ce daga wa. Na faɗa. Ya yi tsaki ya miƙo mini, na mayar da hannuwana baya. Mun daɗe a haka, shi da takarda a iska, ni ina kallon takalminsa. Can ya yage bakinta da haƙori.

Ban san abin da ka rubuta ba. Gajeriya ce, amma ya daɗe a kanta. Da ya gama ya ninke ta ƙanana ya saka a aljihun ƙirji. Ya dubi wajen gada. Ya ce, "Yana ɗingishi har yanzu?" Na ce Mama ta ce haka. Ya ce, "Ki ce masa ya manta abu ɗaya. Buhun warin albasa yake. Har yau ba na ci." Sannan ya ce in tafi gida, sanyi.

Bai ce ya yafe ba, Kawu. Ba na so in ƙara maka abin da bai faɗa ba.

Yau da sassafe na bi ta gefen gidansu zan je shago. Na ji ana fasa ƙanƙara, na leƙa ta shinge. Shi ne a bakin kwamin, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, hannuwansa sun yi ja, yana matse ɗan ƙaramin zanen gado. Betka tana taga da bargo a kafaɗa, tana ɓare gyaɗa. Ya ɗago ya gan ni. Ya juya mini baya ya ci gaba da matsewa. Na wuce ban gaishe shi ba, ina jin haka ya fi so.

Baba Florian ya ce baɗi ma ni ce, in na yarda, don ya ce shi bai taɓa ganin dodo mai faɗuwa irina ba. Na ce zan yi. Amma ba zan sake shiga gidan kowa da rufaffiyar fuska ba tare da na san wanda ke ciki ba. Gida arba'in da uku ne, kuma kusan duk iyayen nan sun taɓa tsayawa a gabanka da farar riga suna rawar jiki. Kai ka san su tun suna ƙanana, ni ƙwai kawai nake kai musu.

Na san hannunka yana gajiya, kuma ba sai ka amsa kowace ba. Amma in ka ba ni izini, Kawu, ina so in sake rubuto maka bayan Sabuwar Shekara. Zan fara daga gidan farko, na bakin coci.

Taka,
Dorka